Yadda Na Yi Wa Ɓeran Yagana Kiwon Rago

Da sunan Allah nake ɗora wannan babi a kan na baya. 'Ya'yana, na ba ku labarin ƙuruciyata a bakin tashar jirgi, na ba ku labarin yadda na gina gidan nan ɗaki bayan ɗaki, duk alƙalami yana gudu. Da na iso shekarar da yayanku ya rasu sai ya cije. Wata biyu littafin yana ƙarƙashin matashi ban taɓa shi ba. Akwai abin da kuka riƙe game da wannan shekarar wanda ba haka yake ba, kuma ni na bar ku kuka riƙe shi. A kan ɓera maganar ta fara, don haka na san za ku yi dariya da farko. Ku yi abinku, amma ku karanta har ƙarshe.

Kun san sana'ata. Fiye da shekara arba'in ina kiwon turka a Nguru. In sayi ramammen rago a hannun makiyaya, wanda iska ma za ta iya kayarwa, in ɗaure shi a turke, in bi shi da dusa da ƙowar wake da harawa da tunkuza da ruwan kanwa, kafin Babbar Sallah sai ka ga da ƙyar yake tashi. Karatuna allo ne da aji huɗu na boko, amma in na ɗora tafin hannuna a gadon bayan dabba na kama gindin wutsiyarta, zan gaya maka irin cimar da ta samu wata uku baya. A wurinmu masu turka so ba a baki yake ba, a jikin dabba ake ganinsa. Dabbar da ta rame a gidanka zagi ce gare ka, ko ba wanda ya buɗe baki. Da wannan sani na ci da ku, na aurar da ku, kuma da shi na yi ɓarnar da zan faɗa muku.

Yayanku, Allah ya jiƙansa, ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ba kuwa zan fara a takarda ba. A Gashuwa yake aiki, can ya zauna da matarsa Zainabu, malamar firamare, da 'yarsu guda ɗaya, Yagana, wadda take da shekara tara a lokacin. Ciwon ƙoda ya kama shi. Ya yi ta zirga-zirgar Kano ana yi masa wankin ƙoda, ya tafi da kumburi ya dawo da rama. A wata dawowa ta kusa da ƙarshe ya biya wurin masu sayar da tsuntsaye ya sayo wa Yagana tsaraba, wata 'yar dabba a kejin waya. Bayan wata biyu muka kai shi makwancinsa.

Da aka yi sadakar bakwai na ce a ba ni yarinyar ta zauna a Nguru har uwarta ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, sannan a zauna a yi maganar inda za ta tashi. Zainabu tana bayan labule ta ce to, Baba. Abin da na faɗa a fili ke nan. A zuciyata kuwa babu wani zama da za a yi. Yarinyar nan ita kaɗai ya bari, goshinta nasa, tafiyarta tasa, kuma na ƙudura in ta shigo gidana ta shigo ke nan.

Ranar da ta iso ta sauko daga mota da jakar makaranta a baya da kejin a rungume, an lulluɓe shi da ɗankwali. Mahaifiyarku ta ɗaga ɗankwalin ta ja da baya tana a'uziyya. Ta ce shekara da shekaru tana yaƙi da ɓera a ɗakin hatsi, yau ga shi an kawo mata shi da ɗakinsa da kwanon cinsa. Ni kuma na shiga wasan jika, na ce amaryata ta tare amma garar da ta kawo min ɓera ne, wannan aure da wuya ya yi ƙarko. Tun rasuwar ubanta ba wanda ya ji dogon zance a bakinta. Sai ta ɗago ta harare ni.

"Ba ɓera ba ce, Kaka. Hamsta ce, sunanta Goriba. Kuma kai da ba ka da haƙoran cin gara, ina ruwanka?"

Duk gidan aka kwashe da dariya, dariyar farko tun da aka yi rashin. Na sunkuya na duba abin da kyau. Ba ta cika tafin hannuna ba, bayanta ja-ja kamar nunanniyar goriba, cikinta fari, wutsiya kuwa kamar an manta ba a sa mata ba. A cikin kejin akwai wata 'yar taya da take shiga ta yi ta gudu ba ta zuwa ko'ina. Yini take barci, sai rana ta faɗi ta fito harkarta. Muka ajiye kejin a rumfa kusa da randa inda ƙasa ke da sanyi, don Yagana ta ce zafi yana kashe su.

A jikin kejin an liƙa takarda da rubutun Zainabu. Ƙaramin cokali ɗaya na haɗin tsaba a rana, ɗan yankan karas ko kokwamba bayan kwana biyu, ruwa mai tsabta kullum. A ƙasa ta rubuta wani layi ta ja masa zane biyu: don Allah kada a ba ta zaƙi, ko madara, ko wani abu jiƙaƙƙe. Na karanta sau biyu, raina ya sosu. Ni da manyan dillalai ke zuwa tambaya yadda ake tayar da rago, yau surukata, sa'ar 'yar cikina, ta rubuto min yadda ake ciyar da dabba. Cokali ɗaya. Na ce a raina wannan rowar 'yan boko ce, a riƙa auna wa halittar Allah abinci kamar magani. Ban yaga takardar ba, amma ban sake kallonta ba.

Cikin kayan yarinyar Zainabu ta sako kwalayen kwanfilas, abincin nan na masara mai ƙaras-ƙaras da yaran yanzu ke zuba wa madara da sukari su karya da shi. Mu koko da ƙosai muka sani, amma da shi ta saba, ba wanda ya hana ta. Sai dai ba ta cika cinyewa ba. Kullum in ta wuce makaranta akwai saura a gindin kwano, ya sha madara ya yi laushi. A gidan mai kiwo kuwa ba a zubar da ragowa. Ƙasarin gero na tumaki ne, ƙanzon tuwo na kaji. Wata rana da hantsi na gama ba raguna dusa, na tsaya a kan kejin, na sa yatsa na tashi Goriba daga barci na shafa bayanta yadda nake yi wa rago. Ƙasusuwa na ji kamar tsinken tsintsiya. Tausayi ya kama ni. Na ce ke ma marainiya ce, wanda ya kawo ki ya tafi, an bar ki da cokali ɗaya. Na ɗauko kwanon Yagana na juye mata ragowar.

Abin da na gani ya ƙara ɓatar da ni. Ta riƙe da hannu biyu kamar mutum, ta dinga turawa a baki ba tauna, har kumatunta suka yi suntum suka kai kafaɗa. Ta ruga lungun keji, ta dawo ta sake cikawa. Na ce ai kun gani, yunwa ce. Ban san haka Allah ya halicce su ba, kumatun nan jakar ɗaukar kaya ce, ko a ƙoshe suke sai sun ɗiba sun kai ɓoyo. Daga ranar ya zama aikina na hantsi. Da kwalayen suka ƙare na je kanti da kaina, mai kanti ya nuna min wani mai cakulan ya ce yara sun fi son shi, na saya. Nakan ƙara barbaɗa sukari da garin madara, yadda nake ƙara wa rago tunkuza in Sallah ta matso. Mahaifiyarku tana tankaɗe tana kallona, ta ce Malam, wannan wace kasuwar kara za ka kai shi, kuma mutum nawa za su yi layya da shi? Na ce ta bari ta sha kallo.

Ban gaya wa Yagana ba, don so nake ta ga abin mamaki. Ku fahimce ni, ba mugunta na nufa ba. Dabarata ita ce ranar da Zainabu za ta fita takaba ta zo, ta tarar 'yarta ta yi kumatu, ɓeran ma ya yi kumatu, ta rasa bakin cewa a ba ta 'yarta.

Cikin mako na uku kumatun hagu ya daina sacewa. Na taɓa na ji tauri, na ce kitse ne ya fara zama, har na kira mahaifiyarku ta zo ta gani. Yagana ce ta lura da sauran. Ta ce Goriba ta daina hawa taya, tana ta shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ƙasan jikinta a jiƙe, keji kuma yana wari ko ta share. Ta roƙe ni in kai ta wurin likitan dabbobi. A nan na yi kuskure na biyu. Likitan da na sani a Nguru abokin harkata ne, shi ke yi wa ragunana allura, kuma ƙofarsa ba ta rabo da dillalai. Na hango kaina da farin gemu ina shiga da ɓera a keji, na ji irin abin da za a yi wata guda ana faɗa a kara. Na ce mata zafi ne kawai. Na jiƙa jar kanwa na zuba a ruwan shanta, maganin da nake yi wa rago in cikinsa ya ɓaci. Kwana uku ina wannan. Ranar Asabar na fito zan tafi kasuwa na tarar da Yagana a zaure da hijabinta, keji a cinya. Ta ce in ba zan kai su ba in kwatanta mata hanya.

Ko a nan ban sauko ba. Maimakon in taka da ƙafa zuwa wurin wanda na sani, sai na kai mu tasha muka hau motar Gashuwa, inda dillalai ba su san fuskata sosai ba. An ce girman kai rawanin tsiya, to ni ranar nawa ya sha naɗi. Dabba marar lafiya, mota cike, rana tana dukan rufi, haka muka yi wannan doguwar hanya. Da muka isa kuma ban bari an gaya wa Zainabu muna garin ba.

Likitan da muka samu matashi ne, bai wuce sa'an autanku ba. Bai yi dariya ba. Ya sa safar hannu ya ɗauke ta a hankali, ya jiƙa auduga a ruwan ɗumi ya dinga lallaɓa kumatun har ya fito da wani curi baƙi-baƙi mai danƙo, haɗe da ruwan mugunya. Warin ya cika ɗakin. Ya duba curin a kan faranti, ya tona lungun kejin inda take ɓoyo ya ga sauran ya yi fumfuna.

"Wannan kwanfilas ne da madara," in ji shi. "Wa yake ba ta?"

Na buɗe baki. Allah shaida ne na buɗe. Kafin magana ta fito sai na ji 'yar murya a gefena.

"Ni ce. Ranar nan na ba ta guda ɗaya daga kwanona. Mama ta hana, amma ta yi ta kallona."

Likita ya dubi yarinya da hawaye a ido, ya tausaya, ya ce ba komai 'yata, ai ba ki sani ba ne. Ni kuma na mayar da bakina na rufe. Cikin ƙiftawar ido na auna abin: in na ce ni ne, magana za ta kai kunnen Zainabu, ita da ta rubuta ta ja zane biyu. Wanda aka ba amanar ɓera ya kasa, da wane ido zai nemi a bar masa mutum?

Likitan ya aiki Yagana waje ta wanke hannu, sannan ya yi ƙasa da murya. Ya ce irin wanda ba sukari a cikinsa, busasshe, ƙwaya ɗaya jefi-jefi, ba ya yi musu komai. Amma mai zaƙi da mai cakulan da madara cikinsu ba ya ɗauka, jiƙaƙƙe kuma manne musu yake a jakar kumatu ya ruɓe a can, wanda suka ɓoye a lungu ya lalace su koma su ci. Ya ce kanwar ma ba tasu ba ce. Sai ya dube ni, ba da raini ba, kallon da ɗa ke yi wa uba in ya gane abu.

"Baba, wannan ba aikin guda ɗaya ba ne. Aikin makonni ne."

Na ce masa yara ne, ka san halinsu. Ya ba mu magani na ɗigawa, ya ce da an kawo ta da wuri da ya fi sa rai, amma rai na Allah ne.

A Jajimaji mota ta tsaya sauke fasinja, masu tallan gyaɗa da rake suka yanyame tagogi. Yagana ta ɗaga ɗankwalin ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta mayar ta rufe. Ta ce Kaka, ta daina numfashi. Ba ta yi kuka ba. Haka ta riƙe kejin a cinya har Nguru, muka haƙa rami a gindin kurnar bayan turken raguna muka binne.

Da la'asar ɗin ranar mahaifiyarku ta ɗauko kwalin mai cakulan ta ajiye a gabana a kan tabarma. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta ga abin da ta gani, kuma ta ji abin da yarinya take faɗa. Na ce ta bar maganar, yaro mantuwa gare shi, saura wata guda takaba ta ƙare, in komai ya daidaita zan faɗa. Ta ce yaro yakan manta dukan da aka yi masa, amma laifin da yake ganin shi ya yi ba ya fita. Na daka mata tsawa, abin da na daɗe ban yi ba. Ta ɗauke kwalinta ta jefa a murhu.

Yagana ta daina cin kwanfilas, daga baya kokon ma sai ta kurɓa biyu ta ture. Ta koma shirun da ta zo da shi, har ya fi. Na yi abin da na iya: na sayo mata tsire, na sayo kifin gashi, na zaɓo ɗan rago fari tas na ce nata ne halak malak. Ta tsaya daga nesa ta dube shi, na miƙa mata harawa ta ba shi, ta ɓoye hannuwanta a baya. Na ɗauka ƙiwuya ce. Tun zuwanta kuma ita ke kawo min ruwan randa in na dawo kasuwa, in ce amarya ta iya tarbar miji, ta ce mijin da ke warin tumaki. Wannan ma ta bari. Wata rana na dawo a gajiye na zauna a tabarma, mahaifiyarku hannunta cikin ƙullu ta ce Yagana ta ɗebo min ruwa. Ta faɗa sau biyu. Yarinya tana tsaye jikin randa ba ta motsa ba. Da ta ɗaga mata murya sai yarinyar ta ce:

"Ki kai masa da kanki, Hajja. Kada in ba shi da hannuna."

Mahaifiyarku ta ce don me, hannunki ciwo yake?

"Likitan Kano ya ce kada Abba ya sha ruwa da yawa. Ya ce min ƙishi yake ji, na ba shi kofi guda Mama ba ta sani ba, ya mutu. Goriba ma ni na ba ta. Ba na so Kaka ya mutu."

Takalmi ɗaya na cire, ɗayan yana ƙafata, a haka na sandare. Ashe tun daga Gashuwa yarinyar nan take ɗauke da wannan kaya ita kaɗai, wata uku, a gidana, a gaban idona, ni da nake alfaharin in na taɓa dabba na san abin da ke cikinta. Tana shakka ko ita ta kashe ubanta, ni kuma na zo na ba ta shaida. Kuma wanda take tsoron ta kashe, shi ne wanda ya ɗora mata.

Na kira ta ta ƙi matsowa, sai ni na tashi na je na zauna a ƙasa gindin randar. Na gaya mata ni ne. Mako uku, kowace safiya tana makaranta, da madara da sukari da cakulan. Na gaya mata likita ya ce guda ɗayan da ta bayar bai yi komai ba, kuma a kunnena ya faɗa. Na ce kofin ruwa bai kashe ubanta ba, ciwo ne ya daɗe yana cinsa kuma kwanansa ya ƙare. Ta daɗe tana kallona, idon ubanta sak.

"Kana tsaye a wurin da na ce ni ce."

"Ina tsaye."

"Ba ka ce komai ba."

"Ban ce ba."

Ta juya ta shige ɗaki. Kwana uku ba ta gaishe ni ba. Mahaifiyarku ta so ta yi mata faɗa, na ce ta ƙyale ta, tana da gaskiya. A kwanakin nan na lura maganar Goriba ta yarda da ita, amma ta kofin ruwan ba ta shige ta ba. Me zai sa ta gaskata ni? Ban kasance a ɗakin ba, kuma ta riga ta ga na iya shiru a kan ƙarya. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya sauke mata wannan, ita ce uwarta, wadda na raba ta da ita kwana takwas da mutuwar ubanta.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Ku kun ɗauka Zainabu ce ta tayar da ƙayar baya ta ƙwace jika daga hannun tsohon da bai gama kukan ɗansa ba. Kun ɗauke ƙafa daga gidanta. Akwai cikinku wanda in an ambace ta yake tsaki, akwai wadda ta gan ta a wurin biki ta kau da kai. Ina ji ina gani na yi shiru, don faɗin gaskiyar sai na haɗa da tawa, kuma hakan ya yi min nauyi a gaban 'ya'yana. Shiru na biyu ke nan, ya fi na farko tsawo. Zainabu ba ta nemi komai ba, ko aike ba ta yi ba. Saura kwana goma ta fita takaba ni na haɗa kayan Yagana da hannuna na kai ta. Na san abin da na rasa. A Gashuwa ta girma, sai da Sallah nake ganinta. Tana gaishe ni da ladabi, tana yi min addu'a, amma wasan amarya da ango bai dawo yadda yake ba. Mahaifiyarku har ta koma ga Allah ba ta bari an kwashe katifar yarinyar daga ɗakinta ba. Wannan duk ni na jawo, ba wata ba. Wanda ya yi wa Zainabu tsaki a cikinku ya je ya nemi gafararta tun ina da rai.

Ga yadda aka yi a gidan Zainabu. Na yi sallama aka shimfiɗa min tabarma a tsakar gida. Zainabu ta fito cikin kayan takaba ta durƙusa can nesa, kanta a ƙasa, ta gaishe ni. Yagana ta raɓe a bayanta. A al'adarmu suruki ba ya zama ya zayyana wa matar ɗansa laifinsa, ko doguwar hira ba ma yi. Na zayyana. Tun daga takardar da na raina, da kantin da na je, da kwana ukun da na ɓata don kunyar dillalai, da zuwanmu garin ba ta sani ba, har abin da na ce wa likita. Na faɗi dalilin ma, cewa so na yi in riƙe mata 'ya. Ban ɗaga kai ba, ita ma ba ta ɗaga ba. Na ce ta yafe min.

"Baba, kai uba ne. Uba ba ya neman gafara a wurin 'yarsa."

"Yau yana nema."

Sannan ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na ce saura magana ɗaya, kuma ba tawa ba ce, na gaya mata zancen kofin ruwan. A nan ne ta manta da kunyar suruki. Ta juya ta jawo yarinyar ta riƙe fuskarta da hannu biyu.

"Yagana, ai na ga kofin a ƙarƙashin gado. Na san kin ba shi. Ni ma ina ba shi in ya roƙa, likita ya san da haka. Ba shi ya kashe shi ba. Ranar ma sai da ya ce min ruwan hannunki ya fi nawa sanyi."

Kukan da Yagana ba ta yi a Jajimaji ba, da wanda ban san ko ta yi a ranar jana'iza ba, duk a nan ta yi shi, fuskarta a cinyar uwarta. Na kau da kai ina kallon bango. Da ta lafa na ce wa Zainabu na kawo mata 'yarta, ba aro ba, ba kuma wani zama da za a yi. Na jawo takalmina zan tashi. Ta ce haba Baba, daga Nguru cikin ranar nan, ko ruwa ba ka sha ba. Ta dubi 'yarta ta ce ta ɗebo wa Kaka ruwa.

Yagana ta tsaya. Ta dubi uwarta, ta dube ni. Can ta taka zuwa randa, na ji ƙarar murfi, ta dawo da kofi riƙe da hannu biyu. Ba ƙishi nake ji ba. Na karɓa na yi bismilla na kafa kai, tana tsaye a kaina tana kallon maƙogwarona, ban sauke ba sai da na ga gindin kofin. Ta karɓa ta leƙa ciki. Ta ƙare min kallo tun daga hula har ƙafa, ta ɗan jira.

"A ƙaro?" in ji ta.

Na ce a ƙaro.